Borin Jini, Asma da Ƙwarin Gida: Daga Ɗakin Kwana zuwa Masaukin Matafiyi

Wannan shiri na musamman ya shafi abubuwa biyu da aka saba kallonsu a rarrabe, wato ciwon da jiki ke jawo wa kansa idan bai jitu da wani abu ba, da kuma ƙwarin da ke kwana ɗaki ɗaya da mutane. Zai kuma bi su har zuwa dogon hutun Yuli zuwa Satumba, lokacin da ɗalibai ke dawowa daga makarantun kwana, iyalai ke kai ziyara garuruwan dangi, masu hali kuma ke ƙetarawa ƙasashen waje.

Abin da likitoci ke kira alaji, sunan da wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya laƙaba wa yanayin a 1906, kuskure ne na garkuwar jiki. Garkuwar, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, takan ɗauki abin da ba shi da lahani ga yawancin mutane, kamar ƙurar furanni ko gyaɗa ko kashin kyankyaso, a matsayin maƙiyi, sai ta ƙera masa wani makami da ake kira IgE, wanda ba a gano shi ba sai a tsakanin 1966 da 1967. Duk ranar da abin ya sake shiga jiki, wannan makami yakan sa wasu ƙwayoyin halitta su kwararo da sinadarin histamin, shi kuma shi ne ke kumbura fata da hanci da hanyoyin iska. Idan abin ya tsaya a hanci da ido, sai a ga atishawa a jere da ruwan majina da ƙaiƙayi, a yi ta shan maganin mura a banza. Idan ya fito a fata, shi ne borin jini. Idan kuwa ya sauka ƙirji, hanyoyin numfashi suka tsuke har ana jin ƙarar fito, to an shiga asma, wadda tsofaffi ke kira fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma ta kashe kimanin 455,000 a wannan shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, inda gano cutar da samun maganinta ke da wuya.

A ƙasar Hausa hunturu ake ɗora wa laifi, kuma da gaskiya a ciki, domin hazon da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, daga Nuwamba zuwa Maris, yana busar da hanci yana kuma tayar da tari. Sai dai hazo fusata hanyoyin iska yake yi, kamar yadda hayaƙin itace da na janareta da turaren wuta ke yi, alhali abubuwan da garkuwar jiki ta fi riƙewa a matsayin maƙiya suna cikin ɗaki ne, kuma damina ce kakarsu.

Na farkonsu wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, wanda tsawonsa bai kai rabin milimita ba, yana zaune cikin katifa da matashin kai da kafet da labule, yana cin ɓarɓashin fatar da ke zuba daga jikin ɗan adam. Masu bincike a ƙasar Holan ne suka nuna a 1964 cewa shi ne sirrin da ya sa ƙurar ɗaki ke tayar wa mutane da ciwo. Ba ya cizo. Kashinsa ne ke tashi cikin iska idan aka kaɗe shimfiɗa. Da yake ba ya shan ruwa sai dai ya zuƙi danshin iska, yakan ragu ƙwarai a busasshen hunturun Kano ko Damagaram, ya kuma yawaita a watan Agusta, lokacin da bango ke tsatsafo, tufafi ke warin fumfuna. Wankin zanen gado da rigar filo da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 yana kashe shi, shanya katifa a rana na rage shi, goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma kuma ya fi shara da busasshiyar tsintsiya, wadda ba ta yin komai illa ta ɗaga ƙurar daga ƙasa zuwa hancin mai sharar. Ɗakin yaro mai asma bai dace da kafet daga bango zuwa bango ba, ko da kuwa kayan ɗakin amarya za su rage kyau a idon 'yan ganin ɗaki.

Na biyu shi ne kyankyaso. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1997, kan yaran unguwannin talakawa na manyan birane, ya gano cewa yaran da jikinsu bai jitu da kyankyaso ba, kuma suke kwana a ɗakunan da ke da shi da yawa, sun fi sauran yara masu asma kwanciya a asibiti. Kashinsa da miyaunsa da ɓawon jikinsa su ne matsalar, kuma gawarsa ma, idan ta bushe ta zama gari, tana ci gaba da tayar da ciwo, saboda haka kashe shi ba tare da kwashe gawar da wanke wurin ba rabin aiki ne. Iri biyu aka fi gani: babban ja da ke fitowa daga salga da sokawe da magudanar ruwa, da ƙaramin da ke ɓuya a bayan firji da cikin kabad ɗin kicin, wanda macensa ke ɗauke da ƙunshin ƙwai 30 zuwa 40 a cikin wani ɓawo da feshi ba ya ratsawa. Wannan ne dalilin da ya sa uwargida kan fesa magani ta share gawarwaki cike da abin kwashe shara, bayan makonni kaɗan kuma ta tarar da kicin ya sake cika.

A nan ne babban kuskuren gidaje da yawa yake, domin maganin da ake ɗaukowa sau da yawa ya fi ƙwaron haɗari. Ruwan da ake kira fiya-fiya, wanda ake tallansa a tashoshin mota cikin kwalaben da ba su da ko takardar bayani, galibi sinadarin daikilobos ne, wanda aka haɗa don gona da rumbu, kuma shi ne a cikin maganin da aka sani da Sniper. Yana aiki ne ta hanyar toshe wani sinadari da jijiyoyi ke buƙata don su huta bayan sun aika saƙo, kuma jijiyar mutum da ta ƙwaro duk hanya ɗaya suke bi a wannan fanni. Wanda ya shaƙe shi da yawa zai fara dalalar miyau da hawaye da gumi, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, amai da gudawa su biyo baya, ƙirji ya cika da ruwa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna, amma duk mai shiga kasuwa ya san bai ɓace ba. Idan aka samu wanda ya sha ko ya shaƙa, ɗura masa manja ko madara, ko tilasta masa amai, ƙara masa haɗari ne, tun da abin zai iya sarƙe shi ya gangara huhu. Abin yi shi ne a fitar da shi sarari, a cire tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar, domin akwai allurar atrofin da ke karya dafin.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhunan wake da hatsi, irin su Phostoxin, wadda ke sakin iskar fosfin da zarar danshi ya taɓa ta. Wasu kan ajiye ta ƙarƙashin gado don kashe kuɗin cizo ko ɓeraye, alhali iskar tana bi ta tsagar bango da saman silin ta shiga ɗakin maƙwabci, ba ta kuma da makari. Ga mai ajiyar wake akwai mafita da ba ta buƙatar guba ko kaɗan, wato buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗa shi a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007, wanda ke hana iska shiga har ƙwarin su mutu da kansu.

Hanyar da masana ke fifitawa ba ta da armashin feshi, amma ta fi ɗorewa, kuma ta ginu ne a kan hana ƙwaro abinci da ruwa da maɓoya: kada kwanuka su kwana ba wanki, a gyara famfon da ke ɗiga, a rufe bakin salga, a liƙe tsagar bango da siminti, a zuba hatsi da gari cikin mazubi mai murfi. Wannan na ƙarshe ya shafi ɓera ma, wanda fitsarinsa ke tayar da asma, wani nau'insa kuma ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Idan magani ya zama dole, irin wanda ake ɗiga wa kyankyaso a lungu ya ci ya mutu a maɓoyarsa ya fi wanda ake watsawa a iska. Sauro kuwa, ga mai asma, gidan sauro mai magani da raga a taga sun fi igiyar da ake kunnawa tana hayaƙi dare guda a rufaffen ɗaki.

Tafiya tana sauya lissafin gaba ɗaya, domin matafiyi yana barin ƙwarin da ya sani ya tarar da waɗanda bai sani ba, wani lokaci kuma ya dawo da tsarabarsu. Kuɗin cizo shi ne gwanin wannan fanni. Ba ya tashi, ba ya tsalle, amma yana laɓewa a ɗinkin jaka da akwatin ɗalibi da kujerar mota, yana iya yin watanni bai sha jini ba, kuma ba ruwansa da tsabta ko ƙazanta, kamar yadda mazauna Paris suka shaida a 2023, lokacin da labarinsa ya cika kafafen yaɗa labarai ana shirin wasannin Olamfik na shekarar da ta biyo baya. Ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba, sai dai cizonsa na fitowa a jere a hannu ko wuya, ga mai saurin borin jini kuma yakan kumbura ya hana barci. Wanda ya sauka a otal ko gidan baƙi zai kyauta wa kansa idan ya ɗaga zanen gado ya haska fitilar waya a ɗinkin katifa da bayan allon gado, yana neman baƙaƙen ɗigo kamar na tawada, kafin ya buɗe jakarsa, ya kuma ajiye jakar nesa da gado. Da dawowa gida, musamman ga ɗaliban makarantun kwana, akwati ya fara tsayawa a tsakar gida, a wanke tufafi da ruwan zafi, a bi ɗinki-ɗinki da dutsen guga, domin zafin da ya kai digiri 50 yana kashe ƙwaron da ƙwansa, alhali da yawa daga cikin magungunan feshi sun daina kama shi. Shanya katifa a rana na taimakawa, amma cikin katifa mai kauri ba lalle ne ya kai wannan zafi ba.

Mai zuwa Legas ko Fatakwal ko Akara zai shiga iska mai danshi duk shekara, inda ɗan ƙwaron ƙurar ɗakin nan da ido ba ya gani da fumfuna suka fi na gida yawa, mai zuwa Ingila a watan Yuni ko Yuli kuma zai tarar da ƙurar furannin ciyawa a kan ganiyarta. Mai komawa ƙauye da damina kuwa zai iya haɗuwa da hangara, wadda ruwan jikinta ke sa fata ta yi bororo idan aka murje ta. Wannan ƙuna ce ta sinadari da ke samun kowa, ba ta da alaƙa da garkuwar jiki, kuma saurin wanke wurin da ruwa da sabulu ne ke rage ta.

Game da magunguna, tsohon maganin ƙaiƙayi irin Piriton yana sa barci, abin da ya sa bai dace da direban da zai kama hanyar Kano zuwa Maiduguri ba, alhali sababbi irin setirizin da loratadin ba su cika kashe jiki haka ba. Ƙwayoyin firednisolon da deksametazon da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba suna kwantar da ciwo nan take, amma daɗewa a kansu na jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Maganin shaƙa da ake kira inhela, wanda iyaye da yawa ke gudu don tsoron kada yaro ya saba da shi, ya fi waɗannan ƙwayoyi aminci, tun da kai tsaye yake zuwa huhu kuma ɗan kaɗan ne ke shiga jini. Maganin shaƙa mai launin shuɗi, mai salbutamol, buɗe ƙirji kawai yake yi na 'yan sa'o'i, kuma tun 2019 ƙa'idojin kula da asma na duniya suka daina amincewa da dogaro da shi kaɗai ga manya da matasa, sai an haɗa da mai rage kumburin hanyoyin iska. Wurin inhela aljihu ne ko jakar hannu, domin wadda aka ɗaure cikin kaya a saman mota ko aka tura ɗakin kaya na jirgi ba ta da amfani ga wanda numfashinsa ya sarƙe a hanya.

Akwai kuma yanayin da ba ya jiran a kai gari. Idan bayan harbin ƙudan zuma ko rina, ko cin gyaɗa ko kifi, ko wata allura, leɓe da harshe suka kumbura, murya ta dusashe, numfashi ya yi wuya ko jiri ya ɗebi mutum, to garkuwar jiki ta tayar da bori a jiki duka, yanayin da Charles Richet da Paul Portier suka fara bayyanawa a 1902 suka kira shi anafilaksis. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta isa a nan ba. Allurar adirenalin a cinya ita ce maganin farko, kuma a kwantar da mutumin a ɗaga ƙafafunsa, ko a bar shi a zaune idan numfashi ne ya fi damunsa, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafarsa, sannan a nufi asibiti mafi kusa ko da ya ce ya ji sauƙi, domin abin yakan dawo bayan wasu sa'o'i.