Shahon da Aka Ɗaure da Zare Ba Shawagi Yake Yi Ba

A watan jiya wani yaro da nake koya wa ɗaukar hoto ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, wai in ga aikin abokinsa da ake ta yabawa a Facebook. Hoton ɗan ƙaramin shaho ne, fukafukai a buɗe, sama shuɗiya shar a bayansa. Na zuƙo hoton na dubi ƙafar hagu. Ga shatin zare nan, an goge shi da kwamfuta amma gugar ba ta yi kyau ba. Ƙafar ta miƙe baya kamar ana jan ta, baki a hangame, tsuntsun yana haki. Yaron ya ce, "Malam, ai ya yi kyau ko?" Na ce masa, "Kai, wannan neman tsira yake yi." Karo na huɗu ke nan da na ga irin wannan hoto a bana, kuma wallahi abin ya ishe ni.

Ƙananan shaho da nake nufi su ne masu girman tattabara ko ƙasa da haka, masu tsinin fukafukai da doguwar wutsiya. Akwai mai jan ƙeya da ke zama a giginya, akwai ja mai launin yanyawa da ke son duwatsu, akwai kuma baƙi masu ƙaura da ke zuwa daga Turai da rani su cika cikinsu da fāra. A shekarar 2007 an gano makwancin irin waɗannan baƙi a tsibirin Kousmar kusa da Kaolack a Senegal, inda aka ƙirga sama da 28,000 a wuri guda.

To, hujjar masu ɗaure tsuntsu ita ce wai shaho ya fi kyamara sauri, don haka babu yadda za a yi a same shi a sama sai an kama shi, an ɗaura masa zaren kamun kifi a ƙafa, wani ya cilla shi sama, mai kyamara ya danna. Wannan magana ta wanda bai taɓa zama ya kalli tsuntsun ba ce, bai kuma yi lissafi ba. A ce shaho yana gudun kilomita 60 a awa. Idan ka saita kyamara ta ƙyafta a kashi ɗaya cikin 2000 na daƙiƙa, tafiyar da zai yi kafin ta rufe ido ba ta kai santimita ɗaya ba. Ina saurin da ya gagari kyamara a nan? Abin da ya gagara shi ne hannun mai ɗauka, wanda bai saba bin abu mai motsi ba, kuma maganin wannan atisaye ne.

Abin haushin ma, wasu daga cikin tsuntsayen nan su ne mafi sauƙin ɗauka a duk dangin masu farauta, domin suna tsayawa cak a sama. Za ka ga ɗaya ya fuskanci iska yana kaɗa fukafukai, wutsiya a baje kamar mafici, jiki yana rawa amma kai bai motsa ko kaɗan, ido yana ƙasa yana neman ɓera ko ƙadangare. Ya tsaya, ya matsa gaba kaɗan, ya sake tsayawa. Tsuntsun da ya tsaya maka da kansa a sarari, me ya kai ka ɗaure shi?

Sai su ce ai suna sakinsa idan sun gama, babu abin da ya same shi. A nan ne nake so a tsaya a saurara. Ƙafar ƙaramin shaho siririya ce, kuma da ita yake cin abinci. Duk lokacin da ya tashi da ƙarfinsa zare ya fizgo shi, gaɓar ƙafar ce ke ɗaukar wannan fizgar. Zaren roba yana yanka fata, yana iya gurɗa gaɓa. Shahon da ƙafarsa ba ta damƙa ya gama yawo, ko da ka ga ya tashi ya tafi lafiya lau a idonka. Haka gashin fiffike. Wanda ya karye a hannun mai riƙo ko a cikin kwali ba ya gyaruwa, sai lokacin da tsuntsun ya zubar da gashi ya sake sabo, abin da ke faruwa sau ɗaya a shekara. Kafin nan zai yi ta kuskuren farauta. Tsuntsu ne da nauyinsa bai wuce giram 200 zuwa 300 ba, wasu ma ba su kai ba, ba shi da kitsen da zai jure kwanaki babu ci. Ka sake shi, ka tafi gida kana ƙirga masu yabon hotonka, shi kuma ya mutu a gindin wata ƙaya bayan mako guda, babu wanda ya gani.

Mafi muni su ne masu hawa giginya su kwaso 'ya'ya. Shaho ba ya gina sheƙa, tsohuwar sheƙar hankaka yake samu, ko kogon itace, ko tsagin dutse, ko gindin ganyen giginya. Idan an kwashe 'ya'yan, sai a riƙa ba su tsokar nama zalla, alhali a daji suna cin ɓera da ƙashinsa da gashinsa. Rashin sinadarin ƙashi sai ya lanƙwasa musu ƙafafu. Wanda ya rayu kuma ya saba da hannun mutum, bai koyi farauta ba. Mu da muka taso da karatun hadisi mun san labarin da Abu Dawud ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya umarci a mayar mata da su. Ban san inda aka ce idan don hoto ne an yafe ba.

Hujja ta ƙarshe, wai Turawa ma haka suke yi. Wasu na yi, kuma idan an kama su suna jin kunya. A gasar hotunan namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, wanda ya zo na ɗaya a 2009 da hoton kyarkeci yana tsallake ƙofar shinge an ƙwace kyautarsa a farkon 2010, bayan alƙalai sun gamsu cewa dabbar ta gida ce da aka horar. A ɗaya ɓangaren kuma, dubi jihar Nagaland a Indiya. Akwai wani ƙaramin shaho da ke tasowa daga gabashin Siberiya da arewacin Sin, ya yada zango a can, sannan ya tsallake teku zuwa kudancin Afirka. A 2012 wasu masu kishin namun daji suka je tafkin Doyang suka ɗauki hotunan yadda ake kama waɗannan tsuntsaye da raga, an kiyasta 120,000 zuwa 140,000 a shekara. Hotunan suka zaga duniya, gwamnati da dattawan ƙauyuka irin su Pangti suka tashi tsaye, shekara ta zagayo kamun ya tsaya. Da kyamara aka yi wannan aikin.

Gaskiya ne maganin feshi da saran giginya da cinikin sassan tsuntsaye a kasuwa sun fi masu hoto yi musu ɓarna, amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu ga yadda ake yi. Fara da barin kyamara a jaka. Ka yi kwana biyu ko uku kana zuwa wuri guda, bakin fadama, gonar da aka girbe, ko hanyar da turakun lantarki suka bi, ka lura da inda tsuntsun yake sauka. Shaho yana da turken da ya fi so, kuma zai koma kansa. Inda aka ƙona ciyawa ko garken shanu ke tayar da fāra, nan ma suna taruwa.

Sai ka zaɓi inda za ka tsaya, kuma wannan ya fi tsadar kyamara muhimmanci. Rana ta kasance a bayanka, iska ma a bayanka. Dalili shi ne tsuntsu yana tashi yana sauka yana fuskantar iska, haka kuma yake tsayawa a sama. Idan iska tana bugun ƙeyarka, fuskarsa za ka samu. Idan tana bugun fuskarka, wutsiya za ka yi ta ɗauka har ka gaji. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, don haka da safe rana da iska suna kusan ɓangare ɗaya, abin ya zo maka da sauƙi. Ka fita daga fitowar rana zuwa hantsi. Da tsakar rana ƙasa tana tururin zafi, hoton nesa ya riƙa narkewa, ƙarƙashin fiffike kuma ya yi baƙi ƙirin. Ranar da hazo ya yi kauri ka zauna a gida, kuma kada ka kuskura ka canja gilashin kyamara a fili cikin ƙura.

Gilashi mai zuƙowa na milimita 400 ko fiye shi ne daidai, na 300 ma yana yi idan ka iya zama shiru. Waya ba za ta ba ka ƙwayar ido ba, a daina wahalar da kai. Saurin ƙyaftawa kada ya gaza kashi ɗaya cikin 2000, idan tsuntsun yana bin mazari ko ƙananan tsuntsaye ka kai shi 3200. Kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin da kyamara ke karɓar haske, don samun wannan saurin. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi, wanda ya yi dishi-dishi saboda motsi kuwa sai shara. Ka sa kyamara a tsarin da take bin abu mai motsi tana gyara saiti da kanta, ka kuma sa ta ɗauka a jere. Idan bayan tsuntsun farin sama ne, kyamara za ta ruɗe ta mayar da shi inuwa, sai ka ƙara haske da mataki ɗaya, wani lokaci har biyu.

Riƙo kuma, hannun hagu a ƙarƙashin gilashi, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ka juya daga ƙugu. Ka kamo tsuntsun tun yana nesa, ka bi shi, ka danna, ka ci gaba da binsa bayan ka danna. Ka koya a kan shirwa da tattabarun unguwa kafin ka je daji, ba su da iyaka kuma ba sa cajin kuɗi.

Idan yana zaune a kan turke, kada ka jefe shi don ya tashi, kada ka tafa. Zai gaya maka da kansa: ya girgiza gashi, ya ɗaga wutsiya ya yi kashi, ya sunkuyar da kai ya ɗan duƙa. To ɗora yatsa. Mota ma maɓoya ce mai kyau, domin sun fi sabawa da ita a kan mutum a tsaye. Kashe inji, ɗora gilashi a kan matashi a bakin taga. Sheƙa kuwa a yi nesa da ita, a kuma ajiye ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Idan aka kori uwa daga kan ƙwai, minti kaɗan ya isa rana ta dafa su ko hankaka ya kwashe. Idan ka ji tana ƙara tana zagaya kanka, ka matso da yawa, koma baya. Kuma ka gaida mai gona ka gaya masa abin da ya kawo ka, ka nisanci shingen jami'an tsaro da dogon gilashi a hannu.

Ranar Asabar da ta wuce na ɗauki yaron nan muka je bakin wata fadama bayan sallar asuba. Muka zauna a gindin tsamiya har ƙafarsa ta yi sanyi, yana ta tambayata ko mu tafi. Wajen ƙarfe takwas wani ƙaramin shaho ya zo ya tsaya a sama, bai fi taku talatin daga inda muke ba. Yaron ya ɗauki hotuna sun fi ɗari huɗu. Da muka koma gida muka zauna tacewa, uku suka fita. A ɗaya daga ciki ana ganin fāra a ƙafar dama, tsuntsun ya sunkuyo yana cire mata fiffike.