Bilaza: Hasken da ke ratsa saman Tambuwal da Kebbe, bai san zama wuri ɗaya ba

Manoman Tambuwal da Kebbe sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki. Amma a watannin Afrilu da Mayu, da dare ya yi nisa, akwai wani ɗigon haske da ke bi ta kusan tsakar kansu a buruji na Sumbula, wanda ido ba ya kamawa sai da na'urar hangen nesa mai madubin da ya kai faɗin santimita 20. Masana na kiran sa 3C 273, kuma haskensa ya shafe fiye da shekara biliyan 2 a hanya kafin ya iso.

Ba tauraro ba ne, cibiyar wani garken taurari ce mai ƙaton baƙin rami a tsakiya. Iskar gas da ke rufta wa ramin takan yi zafi har ta yi haske, wani ɓangare kuma ya tsere a siririn feshi mai gudun da ya kusa na haske. Idan feshin ya saito duniyarmu, kamar a haska maka tocila a ido, shi ne bilaza, sunan da Edward Spiegel ya raɗa a 1978.

Halin bilaza shi ne rashin tabbas: yau ta yi ƙarfi, gobe ta dushe. Wannan ya yaudari Cuno Hoffmeister na Jamus, wanda a 1929 ya ɗauki BL Lacertae a matsayin tauraro mai sauya haske, sai a 1968 aka fara gane ba haka ba ne. A Yulin 2006 kuwa, na'urorin H.E.S.S. da ke Namibiya sun ga hasken PKS 2155-304 yana ninkuwa cikin 'yan mintoci.

Nan ne abin ya ɗaure kai. Abu ba zai iya sauya haskensa gaba ɗaya ba kafin haske ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ke nan wurin da wutar ke tashi ɗan ƙarami ne ƙwarai, amma yana disashe hasken biliyoyin taurarin da ke kewaye da shi. Gudun feshin zuwa gare mu yana ƙara wa hasken ƙarfi, yana kuma sa sauyin ya zo mana da sauri fiye da yadda ya faru.

Tunda ba ta sallama kafin ta tashi, dole a yi ta gadi. Shi ya sa tun 1997 masu na'urori a ƙasashe da dama suka haɗa gwiwa, in gari ya waye wa wannan, wancan ya karɓa. Ba sai da ƙatuwar na'ura ba. Dare mai duhu da juriyar rubuta abin da aka gani su ne jari. Duhun kam akwai shi a ƙauyukan Kebbe, in ban da lokacin hazon hunturu da gajimaren damina.

A ganina na'urar ce kawai ta rage, don sha'awar tsohuwa ce a wannan ƙasa. Da Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan awonsa, ya tarar Sarkin ya san buruje da taurari da yawa da sunayensu na Larabci.