Mikiya A Kan Tsabar Kuɗi: Me Take Nufi?

Ranar 1 ga Janairu, 1973, Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Sababbin kuɗin ƙarfen da aka fitar sun zo da tambarin ƙasa a gurbin kan Sarauniyar Ingila, kuma a ƙolin tambarin, bisa baƙar garkuwar da fararen dawaki biyu suka dafa, ga mikiya ta buɗe fikafikai. Hukuma ta fassara ta da cewa alamar ƙarfi ce.

Ba Nijeriya ce ta fara wannan ba. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sarakunan Girkawa da suka mulki Masar sun riƙa buga mikiya tsaye kan aradu a kuɗinsu, Rumawa kuma suka mai da ita tutar rundunoninsu. Tun daga lokacin, mai mulkin da yake so a san ikonsa yakan ɗauki tsuntsuwar da ta fi sauran tashi sama.

Amma sau da yawa ma'anar tana ga abin da ta riƙe a faratanta. A hatimin Amurka na 1782, mikiya tana riƙe da reshen zaitun a dama, kibau 13 a hagu, watau ga zaman lafiya, ga kuma shirin yaƙi. Dokar 1792 ta wajabta sa ta a bayan kuɗin zinariya da na azurfa. A 1921, da aka zo buga dalar tunawa da ƙarewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka zana ta da karyayyen takobi. Jama'a suka yi ca, suka ce ai wanda aka ci da yaƙi shi ake karya wa takobi. Dole aka goge takobin kafin kuɗin ya fita, aka bar ta da zaitun.

Ƙasar Hausa kuwa ta san mikiyar kuɗi tun kafin zuwan Turawan mulki. Fatake sun riƙa ƙetaro Sahara da liyari, dalar azurfa ta Ostiriya, mai kan Sarauniya Mariya Taresa a fuska ɗaya, da mikiya mai kai biyu a ɗayar, tambarin gidan sarautar Habsbag. Bature ɗan yawon bincike Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canja dala ɗaya a kan wuri 2,500.

Abin lura shi ne, ɗan kasuwar Kurmi ko na Kukawa ba shi da wata mubaya'a ga sarautar Ostiriya, ba kuma ruwansa da daular da mikiyar take wakilta. A wurinsa zanen shaida ce cewa azurfar ta gaske ce, nauyinta kuma cikakke, wajen giram 28. Wannan amincewa ta yi ƙarfi har ya zama ba a taɓa zanen, domin kada kasuwannin Afirka da na Larabawa su ƙi karɓa. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin ba tare da canja shekarar ba. Har yau ma'aikatar buga kuɗi ta birnin Biyana tana buga shi, kuma 1780 ɗin ce a jikinsa.