Takardar gwanin fiɗa: daga Yamai har Galmi

A kasuwar Malbaza, duk mai farar riga likita ne. A hukumance kuwa likitoci hawa-hawa ne, kuma tsakanin hawa da hawa akwai shekaru.

Ɗalibin da ya ci bakaloreya sai ya share aƙalla shekara 7 a sashen kiwon lafiya na jami'a, kamar ta Abdu Mumuni da ke Yamai, ya kare kundinsa gaban malamai, ya yi rantsuwa. Wannan takarda ta likitan gama-gari ce. Mai son zama gwani a fanni guda, fiɗa ko haihuwa ko ciwon yara, dole ya sake shiga gasa, domin guraben kaɗan ne. In ya dace, ya koma ɗalibi shekara 4 ko 5: kwanan asibiti, jarrabawa kowace shekara, da lissafin ayyukan da ya yi da hannunsa ƙarƙashin idon malami. Sa'annan a ba shi takardar da ake kira DES. Mai burin zama farfesa kuma, sai ya fuskanci gasar CAMES, hukumar da aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu.

Abin da jama'a da dama ba su lura ba shi ne, a gundumar Malbaza ma ana horon gwanaye. Asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM suka buɗe a 1950 bakin hanyar Ƙonni zuwa Madawa, ya fara karɓar likitoci a 2012 don koyon fiɗa na shekara 5, cikin tsarin ƙungiyar PAACS. Garin da aka sani da albasa ke nan.

Sai dai naƙuda ba ta jiran shekara 5. Shi ya sa a shekarun 2000 gwamnati ta ɓullo da gajeren horo na shekara guda, inda likitan gama-gari ke koyon fiɗar gaggawa: fitar da jariri, gwaiwar da ta shaƙe, da makamantansu. Ba gwani ba ne a takarda, albashinsa ma bai kai na gwani ba. Amma gwanaye sun fi taruwa a Yamai, kuma macen da haihuwa ta gardame wa cikin dare a wani ƙauyen Illela, sau da yawa hannun irin wannan likita take fara isa.