Ma'anar Kalmar Ƙyanda da Cututtukan da Ake Rikita Ta da Su

Sau da yawa a cikin garin Katsina idan yaro ya yi zazzaɓi kuma ƙuraje suka feso masa, sai a ce ƙyanda ce. Amma a wurin ma'aikatan lafiya, ƙyanda, wadda kuma ake kira baƙon dauro, cuta ɗaya ce tak, kuma tana da alamominta.

Ƙwayar cutar ƙyanda tana bin iska ne ta hanyar tari da atishawa, tana iya kai sa'o'i 2 a ɗaki bayan mai ita ya fita. Bayan kwana 10 zuwa 14 da kamuwa, yaro kan fara da zazzaɓi mai zafi, mura, tari da jan ido. Daga nan ne ƙananan ƙuraje ke fitowa a fuska da bayan kunne, su gangara zuwa sauran jiki. Ba ƙurajen ne abin tsoro ba. Abin da ke kashe yara shi ne ciwon huhu da gudawa da kan biyo baya, musamman ga yaron da ba ya samun isasshen abinci, wani kuma ta bar shi da makanta. Don haka ɓoye yaro a ɗaki ana jiran ta “gama fitowa”, kamar yadda wasu iyaye ke yi, ganganci ne.

Ƙarambau daban ce, ƙurajenta masu ruwa ne da ƙaiƙayi, kuma yawanci tana da sauƙi ga yara. Agana, wadda dattawa ke tunawa da zanzanar da take bari a fuska, babu ita yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita a shekarar 1980. Ita kuwa ƙyandar biri, da ta sake ɓulla a Jihar Bayelsa a 2017, suna kawai ta ara, domin ita dangin agana ce.

Ana yi wa yaro allurar rigakafin ƙyanda yana da wata 9, sannan ta biyu yana da wata 15, kyauta, a asibitocin gwamnati da ke ƙananan hukumomi 34 na jihar nan. Ana kira ga iyaye da su kai duk yaron da ya haɗa zazzaɓi da ƙuraje asibiti mafi kusa, inda za a duba shi a kuma ba shi sinadarin bitamin A idan ƙyanda ce, sannan a raba shi da sauran yara har kwana 4 bayan fitowar ƙurajen.