Kwatanta Tsadar Tsare-tsaren Inshorar Lafiya a Sabon Birni da Isa

Idan ana kwatanta tsare-tsaren inshorar lafiya, abin da aka fi dubawa shi ne kuɗin da mutum zai zuba a shekara. A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na jihar Sakkwato, wannan ma'auni kaɗai yana iya ɓatar da mai nazari.

Tsare-tsaren da ke gaban mazauna yankin sun faro ne daga hukumar NHIS, wadda aka kafa da doka a 1999, ta soma aiki a 2005, kafin dokar 2022 ta sauya ta zuwa NHIA, ta kuma wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa. A tsarin ma'aikata, ƙa'ida ita ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, sannan ya biya kashi 10 na kuɗin magani a asibiti. Wannan ya shafi ma'aikacin da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A gidan Bagobiri mai mata biyu da 'ya'ya tara, rabin iyalin na waje, sai an biya musu daban.

Manomi ko ɗan kasuwa kuwa yana iya shiga shirin GIFSHIP, wanda aka buɗe a 2020 a kan naira 15,000 ga mutum guda a shekara, kafin a ƙara farashin. Ko a tsohon farashin, gida mai mutum goma zai fitar da naira 150,000 a lokaci ɗaya, alhali kuɗin manomi yana zuwa ne da kaka. Akwai kuma tsarin jiha ƙarƙashin hukumar SOCHEMA. Ga manazarcin harshe, sunan kansa abin lura ne: jihohin Arewa da dama sun fifita “taimakekeniya” a kan “inshora”, domin ta fi kusa da adashi da gayya, ta kuma kauce wa shakkun da wasu malamai ke da shi game da halaccin inshora. Mafi sauƙi a takarda shi ne asusun BHCPF, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya. Wanda aka yi wa rajista a ƙarƙashinsa ba ya zuba ko sisi.

Sai dai duk tsare-tsaren nan suna ɗaure mutum ne da asibiti guda. Ana biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Shekaru da dama adadin yana naira 750 a tsarin tarayya. Hikimar hakan ta dogara da cewa asibitin a buɗe yake, majinyacin kuma yana zaune a garinsu. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, wanda ya yi gudun hijira zuwa cikin garin Isa, ko ya tsallaka Gidan Rumji a jihar Maraɗi, ya bar rajistarsa a asibitin da ba zai iya komawa ba.

Haka batun tura majinyaci yake. Inshora tana biyan tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, amma kuɗin mota da abincin mai jinya suna kan iyali, ga kuma hatsarin hanya. Kisan matafiya da aka ƙona a mota kusa da Gidan Bawa a watan Disambar 2021 ya nuna abin da tafiya ke iya jawowa. Wannan ne ya sa mai kati a aljihu yakan zaɓi kemis ɗin unguwa, ya biya daga aljihunsa, ya zama ya biya sau biyu.

Iyaka ma tana shiga lissafi. Tun 2006 Jamhuriyar Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa a matsayin kyauta, kuma Gobirawan ɓangarorin biyu dangi ne da ke zirga-zirga tsakaninsu. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya ƙuntata wannan hanya har zuwa Maris 2024, lokacin da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren.