Mazaunin Inji a Motar Haɗin Gida

A Ingila akwai mutanen da ba sa sayen mota haɗaɗɗiya, a garejin gidansu suke haɗa abarsu. Al'adar ta kankama ne tun 1957, lokacin da Colin Chapman na kamfanin Lotus ya fito da wata 'yar mota mai kujera biyu, Lotus Seven, wadda ake iya sayenta gunduwa-gunduwa, domin a wancan zamani motar da aka saya a warwatse ba a ɗora mata harajin saye. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta. Sai kuma a 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ya nuna yadda mutum zai walda firam ɗin irin wannan mota da hannunsa, ya kwashe inji da giya daga tsohuwar Ford Escort. Motar da aka haɗa ta wannan hanya ita ce ake kira Locost.

Escort ta yi wuyar samu, magina suka koma kan Ford Sierra, daga baya Mazda MX-5, wasu ma injin babur suke dasawa. To a nan gizo ke saƙar. Injin da aka ƙera don wata mota ba zai zauna a firam ɗin da ba nasa ba sai an yi masa sabon mazauni, kuma ba kowane haɗi ake samun nasa a kanti ba. Dole maginin ya auna, ya yanka, ya walda.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin mazauni ɗaukar nauyi ne kawai. Nauyin shi ne mai sauƙin. Duk lokacin da inji ya murɗa karanshaf gefe guda, jikin injin yana neman juyawa ɗaya gefen. Don haka idan direba ya taka totur, mazauni ɗaya dannuwa yake yi, ɗayan kuma fizgarsa ake yi sama. A giya ta ɗaya abin ya fi tsanani, saboda akwatin giya yana ninka ƙarfin murɗin fiye da sau uku, kuma mazaunan ne ke tare shi. Ga fizgar birki, ga ta kwana, ga ramin hanya.

Sannan ga jijjiga. Inji mai silinda huɗu yana kunna wuta sau biyu a kowane juyi. In yana silo, yana juyi 800 a minti, bugu 1,600 ke nan, kusan 27 a daƙiƙa guda. Roba ake sa wa tsakanin inji da firam ta shanye wannan bugu. Sai dai inji a kan roba shi ma yana da nasa saurin lilo, kuma roba ba ta fara kare firam sai saurin bugun ya wuce na lilon da kusan ninki ɗaya da rabi. In suka zo daidai da juna, jijjigar ƙaruwa take yi, har madubi da sitiyari su kama rawa. Roba mai tauri tana ɗaga saurin lilon ya kusanci na silo, mai laushi ainun kuma tana barin inji ya yi ta gantali har ya doki bonet ko ya karya salansa. Shi ya sa ban yarda da masu cire roba gaba ɗaya su ɗaure ƙarfe da ƙarfe ba. A motar tsere ana iya jurewa. A motar hanya kuwa, jijjigar da aka hana roba ta sha, walda ce za ta sha ta, kuma wata rana sai ta tsage.

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ana sauke inji da giya cikin firam, a tallafe su da katako da jak har su tsaya inda ake so. Wannan mataki ya fi waldar cin lokaci, kuma ya cancanta. Kaskon baƙin mai kada ya yi ƙasa har tudun hanya ya fasa shi. Sandar sitiyari da salansa su samu wurin wucewa. Abin da aka fi mantawa shi ne farfela: bakin giya da bakin aksil na baya su kasance sun miƙe a layi mai tafiya tare, karkatar gaɓoɓin farfelar biyu ta zo daidai da juna, 'yar kaɗan, kamar digiri ɗaya zuwa uku. In aka kuskure nan, motar za ta riƙa kaɗawa a guje, mai ita ya yi ta canza taya a banza.

Daga nan sai a zana siffar mazaunin da kwali, a kwafa a kan farantin ƙarfe mai kaurin 'yan milimita, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan a gwada, sannan a cire a gama a kan teburi, roba na can nesa da wuta. Firam ɗin Locost bututu ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa milimita 25, kaurin bangonsa bai kai milimita 2 ba. Wanda ya manna farantin mai kauri a tsakiyar irin wannan bututu ya kira tsagewa da kansa. Kamata ya yi a kai mazaunin kusa da mahaɗar bututai, a yi masa tokara, a shimfiɗa faranti ya baza nauyin.

Akwai kuma tambayar da ya wajaba kowane magini ya yi: ranar da robar nan ta rabu biyu, me zai riƙe injin? Zafin salansa da ɗigar baƙin mai suna cinye roba a hankali. A 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocin Chevrolet sama da miliyan 6 su dawo gyara, saboda idan mazauni ya tsinke inji yakan ɗaga ya ja totur ya buɗe, mota ta zabura ba da son direba ba. Gyaran da aka yi musu igiyar ƙarfe ce mai hana inji ɗagawa. Mazauni nagari ana yi masa harshe ko ƙusa mai ratsawa, ta yadda ko roba ta mutu ƙarfe zai kama ƙarfe.

A Ingila motar haɗin gida ba ta hawa titi sai hukumar DVSA ta yi mata binciken IVA, inda jami'i ke duba ingancin ƙira da walda. A nan gida kuwa, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, dasa injin wata mota a jikin wata aiki ne na kullum, kuma gwanintar masu waldarmu ba abin raini ba ce. Amma galibi daga gareji sai hanya, cike da fasinja. Mai mota, in an canza maka inji, kada ka tsaya ga jin ƙararsa. Ka sa a buɗe bonet a nuna maka mazaunan, ka ga robar, ka ga waldar, ka tambayi bakaniken abin da zai tare injin idan robar ta tsinke.